Sau Uku Na Katse

Aikina a kamfanin nan, in an cire kwalliya, shi ne in zauna gaban waya in tabbatar mutum tara ba su mutu ba. Masu gyaran injin jan ruwa ne. Kowanne zai ɗauki akwatin kayan aikinsa da safe ya fita shi kaɗai, ya sauka ƙarƙashin ginin mutane, inda ko ya tsaga maƙogwaro da ihu babu mai jin sa sai ɓeraye. Ɗaya daga cikin taran nan kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, shi ya samo min aikin. Shi ne kuma ya kira ni sau uku wata Asabar, yana cikin rami da inji a kan ƙafarsa, ni kuma na katse sau ukun.

Bari in faro daga farko, don kada a ɗauka mugunta ce ko hauka.

Shekara biyu kafin in zo, wuta ta ja wani ma'aikacinmu a ɗakin injin wani otal. Sai washegari mai shara ta tsinci gawarsa. Hukuma ta zo ta yi ta faɗa, kamfani ya sayi tebur, ya sayi waya, aka buga takarda mai layuka, aka manna doka a bango da manyan haruffa: duk wanda yake aiki shi kaɗai ya kira ofis kowace awa, mai waya ta ji muryarsa, sannan ta sa alama a gidan awar. In minti goma ya wuce bai kira ba, ta neme shi. In bai ɗauka ba, ta ta da kowa. Doka ce mai kyau, har yau ban ce ba ta da kyau ba.

Abin da mai rubuta dokar bai yi tunaninsa ba shi ne kati. Kamfani yana sa wa kowane ma'aikaci ɗan kati a waya farkon wata, wanda in ka yi kira tara a rana, kafin sati biyu ya zama labari. Na taɓa ce wa Manaja me zai hana ni in riƙa kiran su daga ofis. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko an gaya min rijiyar kati muka haƙa a bayan gida. Daga nan ban sake ta da maganar ba.

Dogo, ɗaya daga cikin taran, shi ya fara kawo dabarar. Dogo kuwa ko gaisuwa yin ta yake kamar a albashinsa za a cire. Wata rana ya jingina da teburina ya ce, "Ke Mai Agogo, meye amfanin ki ɗauka? In na kira ai kin san ina da rai. Gawa tana danna waya ne? Ki katse kawai ki sa alamarki." Kafin wata ya zagayo duk taran sun koma filashin. Waya ta yi ƙara, in ga suna, in danna ja, in sa alama. Wani lokaci mutum zai yi filashin saura minti ashirin awa ta cika, don ya san zai shiga inda babu sabis, ni kuma in cike masa gidan da ke gaba. Manaja ya sani sarai, a gabansa nake yi. Ni ma har alfahari nake da saurin hannuna, don kafin ƙarar farko ta gama fita na katse. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma ni ce wawiyar da ta fi kowa ɗauruwa a turken.

Kawu ya fi kowa son tsarin. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan sana'a, kuma a ganinsa zama a tsare shi da waya cin fuska ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa min, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Uwata.

"Uwata, tun ba a haife ki ba nake shiga ramuka in fito," haka yake ce min kusan kullum. "Yanzu kuma an ɗauke ki gadin tsoho."

"Tsohon da tabaransa ma da roba aka ɗaure ai dole a yi gadinsa."

"Kin ji ta ko? Da kuɗina na saya mata takalmin makaranta, yau ni take yi wa baki."

Wayarsa irin mai maɓallan nan ce, ya ce ba zai riƙe ta shafe-shafe ba da hannu duk baƙin mai. Lambobin sun goge, shi dai ya san in ya danna kore sau biyu za ta kira wanda ya kira a ƙarshe, kuma a lokacin aiki ni ce wannan. Katinsa kuwa tattalinsa yake kamar ƙwai, saboda kullum in an yi azahar sai ya zauna kan akwatinsa ya kira matarsa. Ba wata magana ba ce, ya tambaye ta ko ta ci abinci, ko akwai abin da zai taho da shi, ita kuma ta ba shi labarin maƙwabta. Shekara da shekaru suna haka, samarin wurin aikin har kwaikwayon muryarsa suke yi. Yana da wata tsokana kuma da yake min in aiki ya yi masa sauƙi: ya yi filashin sau biyu, sau uku a jere, don kawai ya dawo da yamma ya tarar na cika na yi fam, ya yi dariyarsa.

Ranar Asabar ɗin mutum uku ne kaɗai suka fita, Kawu da Dogo da Gajere. Aikin Kawu a wani tsohon ginin ofisoshi ne mai hawa shida, wanda ba a buɗewa ƙarshen mako. A can ƙarƙashinsa akwai rami mai zurfin tsayin mutum biyu, inda ruwan ƙasa yake taruwa, inji yana zuƙe shi waje. Injin ne ya fara ƙara, za a kashe shi, a ɗaga shi da sarƙa a sake masa wasu kaya. Wannan aikin na mutum biyu ne, kowa ya sani, shi ya sa aka rubuta shi tare da Dogo. Amma da sassafe wani otal ya kira ruwa ya ɗauke musu, baƙi suna ta masifa, Manaja ya ce Dogo ya je can tukuna.

Ina zaune na ji su. Dogo ya ce, "Baba, ka jira ni, kafin ɗaya na iso."

Kawu ya ce, "Injin nan na ɗaga shi tun kana tsotson yatsa. Je ka abinka."

Manaja bai hana shi ba, yana ta neman makullin motarsa a aljihu. Ni ma ban hana shi ba. Kawu ya ƙwanƙwasa teburina da sifana kamar yadda ya saba, ya ce in ajiye masa ruwan zafi a fulas, ya fita.

Ƙarfe tara Kawu ya yi filashin, goma ya yi, sha ɗaya ya yi. Ni kuma Manaja ya dire min aikin buga rahoton wata, wanda zai kai wa hukuma ranar Litinin don a ga muna kiyaye ma'aikata. Firinta tana ta cin takarda, ina ta zaginta. Sha ɗaya da minti talatin da huɗu wayar ofis ta yi ƙara. Na ga Kawu, na danna ja. Na ce a raina zai sauka rami ke nan, na cike masa gidan sha biyu. Bayan minti biyu ta sake ƙara. Na katse ba tare da na ɗaga kaina daga firintar ba. Bayan minti biyar ta sake.

Na tuna abin da na faɗa, don a fili na faɗa, Manaja yana bakin ƙofa zai tafi gida, har ya yi dariya. Na ce, "Wannan tsoho da tsokana yake, yau sai ya sha shayinsa da sanyi." Na danna ja da ƙarfi na kifa wayar.

Ba ta sake ƙara da sunansa ba. Sha biyu Dogo ya yi nasa, Gajere ya yi nasa, gidan Kawu kuwa a cike yake, don haka ban ko kalli wajen ba. Na gama rahoton. Na yanka burodi, na haɗa shayi, na cire takalmi na miƙe ƙafa kan kujerar baƙi. Wannan awar ita ce har yau ba na son tunawa, don lafiya ƙalau na ci na ƙoshi.

Ƙarfe ɗaya su biyun suka yi filashin, Kawu shiru. Na jira minti goman doka ina mita, wai ya gama tsokana ya manta da aiki. Sannan na kira shi da niyyar in wanke shi tas.

Ta daɗe tana ƙara. Har na cire ta daga kunne sai na ji an ɗauka. Abin da na fara ji ruwa ne, yana ɗiga, yana amsa kuwwa kamar a cikin randa. Sai numfashi.

"Uwata," ya ce. "Kar ki katse."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba, ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar mai magana kada ya ta da jariri.

"Kawu? Lafiya? Kana ina?"

"Ina cikin ramin. Ƙugiyar sarƙa ta zame, injin ya sauko da ni. Yana kan ƙafata. Ruwa ya kawo min ƙirji."

"Tun yaushe?"

Ban buƙaci ya amsa ba, takardar tana gabana da alamar da na sa da birona.

Na maƙale wayar ofis a kafaɗa, na zaro tawa daga jaka. Na kira 'yan kwana-kwana, na ba su kwatance ina haɗa kalmomi kamar mai koyon magana. Na kira Dogo. Da ya ji muryata ya fara cewa me ya faru na ɗauki kati na kira, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba, na ce ya jefar da duk abin da ke hannunsa ya tafi wajen Baba da injin ko-ta-kwana. Na kira Manaja, bai ɗauka ba. Na duba takarda ko akwai lambar maigadin ginin, babu, ba a taɓa tunanin a rubuta ba. Maigadin kuwa yana can bakin ƙofar waje, tsakaninsa da ramin akwai ƙofar ƙarfe biyu da matakala.

"Suna zuwa, Kawu. Dogo yana hanya. Ka yi min magana, kar ka yi shiru."

"Shirun ai na yi shi," ya ce. Har da 'yar dariya, sai tari ya sarƙe shi.

Minti arba'in da wani abu muka yi a wayar nan, kuma a cikinsu ya ba ni labarin duka, guntu-guntu, yana hutawa. Ya ce da ya faɗo tabaransa ya yi nasa wuri cikin ruwa, tocilan ma haka, ko tafin hannunsa ba ya gani. Hannun dama ya karye, na hagu ya lalubo wayar daga aljihun ƙirji. Lambobin gaggawa suna manne a murfin akwatinsa, akwatin kuwa yana sama bakin ramin. Abin da ya iya shi ne kore sau biyu.

"Na farko da kika katse na ce ba komai, aikinta take. Na biyu na ce za ta gane. Na uku da kika katse sai hankalina ya dawo. Na ce kai tsoho, duk kiran da ka yi ai cewa kake lafiyarka lau. In kana so ta neme ka, sai dai ka yi shiru."

"Kawu, don Allah ka yafe min."

"Saurara mana. Na yi shiru na jira sha biyu. Agogon wayar na kara a ido ina gani dishi-dishi. Sha biyu ta yi, da minti goma, da ashirin. Sai na tuna. Na ce yarinyar nan ta cike min sha biyu tun ɗazu. Ni na koya mata hakan, ranar da zan shiga tankin asibiti." Ya ja numfashi. "To sai na jira ɗaya. Uwata, babu aikin da na taɓa yi mai wuyar wannan. Waya a hannu, yatsa a kan kore, kuma in na danna na ƙara wa kaina awa guda."

Ya ce da hannun ya gaji da ɗaga wayar sama da ruwa, sai ya cusa ta cikin hularsa ya mai da hular kai. A kansa ta yi ƙara da na kira, shi ya sa ya daɗe bai ɗauka ba, yana tsoron kada ta suɓuce.

Ina kuka, amma na toshe bakina da mayafi kada ya ji. Na riƙa tambayarsa inda ruwan ya kai, yana ce min ƙirji, ƙirji, har sai da na ji maganarsa ta canza, na gane ya ɗaga haɓa sama ne yake magana. Ya ce yana jin sanyi. Ya ce ƙafar ta daina ciwo tun ɗazu, na ce alhamdulillahi, don ban san abin da hakan yake nufi ba. Ya tambaye ni ko an yi azahar, na ce an yi. Ya ce yau matarsa za ta ce ya manta da ita.

Can ya ce, "Akwai wanda yake kusa da ke?"

"Babu kowa."

"To ji nan. Takardarki ta nuna sha biyu lafiya. Ki bar ta haka. Kar ki gaya wa uwarki, kin san zuciyarta. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

"Ba tsautsayi ba ne, ni ce."

"Mu ne. Ki yi abin da na ce."

A daidai nan na ji ƙarar ƙofar ƙarfe ta cikin wayar, da muryar Dogo yana ƙwala kiran Baba, Baba. Na ji faɗawarsa cikin ruwan. Na ji an ta da injin ko-ta-kwana. Daga baya na ji wasu muryoyi da yawa, ana cewa a ja, a tsaya, a ja. Babu wanda ya tuna da wayar, ni kuma ban katse ba, ina riƙe da ita har kunnena ya yi zafi. Biyu da minti ashirin suka fito da shi, da ransa, har ya ce wa Dogo ya ɗauko masa akwatinsa kada a sace sifanunsa.

Da na isa asibiti na tarar da Inna, mahaifiyata, da matar Kawu, wadda muke kira Anti, a kan benci, kowacce ta zuba tagumi. Muka ga an wuce da shi yana ɗaga mana hannun hagu, muka yi ta hamdala. Ni har na fara shirya irin faɗan da zan yi masa in ya warke. Amma ranar Lahadi fitsari ya ɗauke masa, jikinsa ya kumbura. Likita ya ce ƙafar ta daɗe a danne, abin da ya taru a cikinta ya bi jini ya taɓa ƙoda. Ya ce da an ciro shi da wuri da abin bai kai haka ba. Na bi shi har bakin matakala na ce, "Likita, da wuri kamar yaya? Awa ɗaya da rabi zai yi bambanci?" Ya tsaya ya dube ni, ya ce ba ya iya rantsuwa, amma a irin wannan kowane minti yana da nauyi. Ya tambaye ni ko ni 'yarsa ce, na ce kusan haka.

Litinin da safe Manaja ya kira ni ofis. Ya riga ya cire takardar Asabar daga allon ya sa a fayil. Ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce hukuma za ta zo, kuma takarda ta nuna na bi ƙa'ida, an yi magana da shi sha biyu yana lafiya, an neme shi ɗaya da minti goma. Ya ce in aka tambaye ni in faɗi abin da ke rubuce, don amfanin kaina da na kamfani. Na dubi bakinsa, bakin da ya yi dariya lokacin da na kifa wayar, na ji kamar in ɗauki firintar nan in rotsa masa. Amma me zan ce? Abin da yake so in yi shi ne dai abin da Kawu ya roƙe ni daga cikin rami. Na ce na ji. Kafin in fita na ga an manna sabuwar sanarwa a ƙarƙashin tsohuwar, wai an haramta filashin daga yau. Ihu bayan hari.

Talata da hantsi Kawu ya rasu. Ban samu magana da shi ba tun ta wayar nan, don kwana biyun bai san wanda ke kansa ba.

Kwanakin zaman makoki na yi su ne a bakin murhu da wajen wanke-wanke, duk inda ba sai na haɗa ido da kowa ba. Mata suna ta shigowa suna min sannu ta musamman, wai ni ce na gano shi, ba don ni ba da sai Litinin za a tsinci gawarsa. Wata ma ta riƙe hannuna ta ce Allah ya yi min albarka. Na ce amin, na zare hannuna na koma wanke-wankena.

Da baƙi suka ragu, wata ranar da la'asar, Anti ta aiko a kira ni ɗakinta. Tana zaune a gefen gado, Inna tana kan darduma kusa da ita tana jan carbi. Akwatin kayan aikin Kawu yana bayan ƙofa, Dogo ya kawo shi, an ɗora hular a kai. A cinyar Anti kuma ga wayar nan mai gogaggun maɓallai, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

"Zauna nan, 'yar albarka," ta ce. Muryarta ta dushe da kuka, amma fuskarta a sake take. "Jiya na sa aka buɗe min wayarsa. An ce lambarki ta ofis ce ta ƙarshe. Sau uku ya kira ki tun kafin sha biyu, aka karanta min lokacin." Ta shafa wayar da babban yatsa. "Na ce to alhamdulillahi, bai kasance shi kaɗai ba, yana ta jin muryar uwarsa. Ni dai abin da nake so ki gaya min, me ya ce miki a waɗannan ukun? Ya ambace ni?"

Inna ta tsayar da carbinta tana kallona, ita ma tana jira.

Da na ce ya ce a gaishe ta, ya ce ta yafe masa, da shi ke nan. Za ta riƙe maganar har ƙarshen ranta, Inna ta ci gaba da alfahari da ni, Manaja ya samu takardarsa, Kawu ma na cika masa abin da ya roƙa. Na buɗe baki da niyyar faɗin hakan, wallahi da niyyar hakan na buɗe shi.

"Ban ɗauka ba, Anti."

"Na'am?"

"Ukun nan ban ɗauka ba. Katsewa na yi. Sai bayan ƙarfe ɗaya na neme shi."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "Kin katse? Yana cikin ramin?"

"Ban san yana ciki ba. Haka muke yi, in sun kira sai in katse."

"Don me?"

"Don kar a ci musu kati."

Ana jin yara suna wasa da murfin tukunya a tsakar gida. Inna ta miƙe a hankali, ta naɗe dardumarta, ta fita ba ta kalle ni ba. Na so ta mare ni, ko ta zage ni, ba ta yi ko ɗaya ba.

Anti ta sunkuyar da kai kan wayar. Ta daɗe tana laluben maɓallan, don ba ta saba da ita ba, har ta danna lambar duba kati. Ta jira saƙon ya shigo, ta kara fuskar wayar kusa da idonta, sannan ta juyo min da ita don in gani.

"Yana nan kuwa," ta ce. "Bai taɓu ba."

Na dubi ragowar katin da ke rubuce a fuskar wayar.

"Ni yake tara wa," ta ce. "Ya kira ni da azahar."

Ta cusa wayar ƙarƙashin filo, ta kwanta ta juya fuskarta bango. Na zauna a gefen gadon ina jira ko za ta ce in tashi in fita. Har aka kira magariba ba ta ce ba.